Ƙafa Goma Tsakanin Taya da Ƙasa

Wanda ya bi titin Zariya daga Dangi ya ratsa Gyadi-Gyadi, ko ya kutsa layukan Tarauni har ya ɓulla kasuwar waya ta Farm Centre, ba sai an gaya masa cewa Kano ba ta rasa masu hannu ba. Ga mai walda durƙushe gaban ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ga bakanike ya zazzage injin mota a kan buhu, kowane noti ya san mazauninsa. Ga matashi ya duƙufa kan wayar da ba ta kai tafin hannu ba, yana ɗinke hanyar wuta mai sirantar gashi. A irin waɗannan wurare ake yawan jin ana cewa, in da za a samu mai tallafawa, wallahi har jirgin sama sai mun ƙera. Ba cika baki ba ne kuwa, domin an taɓa yi.

A shekarar 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya karaɗe duniya. Ɗalibin kimiyya ne a Jami'ar Bayero, yana da shekara 24, ya kwashe wata 8 yana harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. Injin tsohuwar Honda Civic ya ɗora masa, kujerun na Toyota ne, wasu sassan kuma daga ɓaraguzan wani Boeing 747 da ya taɓa faɗuwa kusa da Kano ya samo su. Wani kaso na kuɗin aikin da gyaran waya da kwamfuta ya tara shi. Ya shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, ya tayar da injin, jirgin ya rabu da ƙasa kamar ƙafa 7.

Wasu sun raina ƙafa 7 ɗin nan. Ni kam ina ganin girmanta, domin ɗaga ƙarfe mai wannan nauyi da injin mota ba wasan yara ba ne. Amma tun daga lokacin hankalina ya fi karkata ga wani ɓangare da ba a cika tattaunawa a kansa ba idan ana hirar ƙera jirgi: wa zai dawo da shi ƙasa lafiya? A hawan Daushe kowa na iya sakar wa doki linzami ya zura a guje. Abin da ke sa Ƙofar Kudu ta ɗauki shewa shi ne yadda mahayi ke tsayar da dokin cak a gaban Sarki, ƙura na tashi, shi kuwa ko rawaninsa bai goce ba. Matuƙin ƙaramin jirgi ma a wurin tsayawar ake sanin ko wane ne shi.

Jirgin haɗin gida ba baƙon abu ba ne a Arewa, ko da yake mutane da yawa ba su sani ba. Air Beetle, jirgin da sojojin saman Nijeriya suka daɗe suna koyon tuƙi da shi a Kaduna, daga wannan dangi ya fito. Wani injiniya a jihar Oregon ta Amurka, Richard VanGrunsven, shi ya kafa kamfanin Van's Aircraft a farkon shekarun 1970, yana sayar wa mutane sassan jirgi a cikin akwatuna, su kai gida su haɗa a garejinsu da ƙusa dubbai. Ɗaya daga cikin samfuransa shi ne RV-6A, mai kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, faɗin fukafukansa mita 7 ne kacal. Shi kamfanin AIEP na Kaduna, wanda daga baya aka sani da DANA, ya ɗauko ya yi wa gyare-gyare don horon soja. Na farko ya tashi a 1989, aka kuma sayo sassan jirage guda 60. Jiragen wannan kamfani na Oregon da mutane suka haɗa da hannunsu suka tashi da su sun haura 10,000 a duniya.

A Amurka abin ya zama al'ada mai tsari. Doka ta ce in mutum shi ya yi fiye da rabin aikin da kansa, don neman ilimi ko nishaɗi, za a yi wa jirginsa rajista a matsayin na gwaji. Duk watan Yuli masu wannan sha'awa na taruwa a garin Oshkosh da jirage kusan 10,000. Kuma tunda suna rubuta komai, sun san inda gizo ke saƙar. A 2012 hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta fitar da nazari: jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ke da kusan kashi 15 na haɗurra, da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Matsalar inji na da nata kaso babba, musamman hanyar mai. Sai dai abin da ya fi ja mini hankali shi ne yawan haɗurran da ke faruwa a tashin farko, ko na wanda ya haɗa jirgin, ko na wanda ya saye shi hannu na biyu bai saba da shi ba. A ƙananan jirage baki ɗaya kuma, babu lokacin da ake yawan lanƙwasa ƙarfe kamar lokacin sauka. Galibi ba a mutuwa, domin gudun ya ragu. Amma aikin shekara biyar kan tashi a banza cikin sakan biyar.

To, me matuƙin ke yi a wannan lokaci?

Sauka tana farawa tun jirgi na ƙafa 1,000 sama da fili. Matuƙi zai bi gefen titin jirgi, iska na bayansa, yana leƙen titin ta tagar hagu. Ya rage totur, ya sauke leɓen fukafukai, wato faifan da ke bayan fiffike wanda ke ƙara wa jirgi riƙo a iska yana kuma rage masa gudu. Ya yi kwana biyu zuwa hagu, sai ga shi ya miƙe sak da titin, hancinsa na fuskantar iska. Dole a fuskanci iska, domin fiffike bai san gudun ƙasa ba, gudun iskar da ke ratsa shi kawai ya sani. In iska na busowa daga gaba da kilomita 20 a awa, ta rage maka kilomita 20 ke nan daga gudun da tayarka za ta taɓa kwalta da shi.

Daga nan ido biyu ake buƙata, ɗaya a waje ɗaya a maleji. A waje, matuƙi zai zaɓi wani tabo a farkon titin ya kafa shi a wuri guda a gilashin gabansa. In tabon ya fara hawa sama a gilashin, jirgin ba zai kai titin ba. In ya fara zamewa ƙasa yana shigewa ƙarƙashin hanci, za a wuce shi. In ya tsaya cak yana ta ƙara girma kawai, hanya ta yi daidai. A manyan filaye akwai fitilu huɗu a gefen titi masu taimakawa, biyu ja biyu fari na nufin kana kan gangaren da ya dace. A ƙaramin filin daji babu wannan, idonka ne fitilarka.

A maleji kuwa akwai lamba guda da matuƙi ke riƙe da ita kamar ransa. Kowane jirgi na da gudun da in ya yi ƙasa da shi iska za ta saki fiffike, jirgi ya daina tashi ya fara faɗuwa. A irin su Air Beetle wannan gudu na wajen kilomita 90 a awa, alhali a sama jirgin na cin kusan 300. Ƙa'idar ita ce a tunkari titi da ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 a kan wancan gudun na faɗuwa, wato wajen 120. Sabon matuƙi, don tsoron faɗuwa, sai ya ƙara kaɗan don kansa, ya ƙara kaɗan don iyalinsa. Nan matsala ke ɓullowa, domin ƙarin kashi 10 a gudu na cin ƙarin kusan kashi 20 na tsawon titi. Jirgi mai santsin jiki irin RV kuma ba ya son rage gudu ko kaɗan.

Sai a zo ƙafa goma ko ashirin na ƙarshe, inda duk gwanintar take. Babu na'urar da ke gaya wa matuƙi cewa lokaci ya yi. Zai janye totur gaba ɗaya, ya ɗauke idonsa daga tabon da yake bi ya mayar da shi can ƙarshen titi, ya bar gefen idonsa ya riƙa auna masa yadda ƙasa ke tasowa ta dama da hagu. Sannan ya fara jawo sandar tuƙi a hankali, da 'yan yatsu. Hanci ya ɗan ɗaga, gangarowa ta tsaya, jirgi ya koma shawagi ƙafa ɗaya ko biyu a kan kwalta. A wannan kusanci iskar da ke tsakanin fiffike da ƙasa na ƙara tallafar jirgin, sai ya yi ta lilo kamar ba zai sauka ba. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, aikin matuƙi a nan hana jirgin sauka ne. Duk sanda ya ji zai nutse, sai ya ƙara jawo sandar kaɗan. Gudu na raguwa, sanda na ƙara matsowa cikinsa, hanci na ƙara rufe masa gaba, har fiffike ya gaji don kansa. A daidai lokacin ne manyan tayoyin biyu ke shafar ƙasa da 'yar ƙara. Ko a nan bai saki sandar ba. Yana riƙe da tayar gaba a sama har sai ta sauko da kanta.

Duk wannan bai wuce sakan goma ba, kuma kowane kuskure a cikinsa na da sunansa a wurin masu sana'ar. In ka ɗaga hanci tun kana sama da yawa, gudu zai ƙare ka faɗo tim, ƙafafun jirgi su baje. In ka makara, ka doki ƙasa ka yi tsalle. In ka fizgi sanda da ƙarfi, jirgi ya sake yin sama ba inji ba gudu. Mafi sharri shi ne wanda ya gaji da lilon, ya ga titi na ƙarewa, ya tura hanci ƙasa don ya tilasta wa jirgi zama. Tayar gaba ce za ta fara bugawa, ta cilla hancin sama, ya sake turawa, ta sake bugawa fiye da na farko. Hannunsa kullum a makare yake da rabin sakan, don haka gyaransa ƙara wa tsallen ƙarfi yake. A bugu na uku ko na huɗu ƙafar gaba kan karye, farfela ta tona ƙasa. Ƙafar gaban RV-6A siririn ƙarfe ce da aka yi don juya jirgi a ƙasa, ba don ɗaukar duka ba. A fili mai laushi tana iya nutsewa, jirgi ya wuntsila ya kwanta rigingine, rufin gilashin da za a fita ta cikinsa yana ƙasa.

Akwai kuma jirage masu ƙaramar taya a jela maimakon a hanci, irin na dā, waɗanda masu haɗin gida da yawa ke ƙauna har yau. A irinsu nauyin jirgi na bayan manyan tayoyi, don haka da ya ɗan karkace a ƙasa, jela za ta nemi zagayowa gaba, jirgi ya yi juyin waina fiffike ya daki ƙasa. Ƙafafun matuƙi a kan feda ba sa hutawa, dama kaɗan, hagu kaɗan, yana gyara karkacewar tun kafin ido ya gan ta. Idan na tuna cewa jirage uku na sojan Ingila da suka iso Kano a farkon Nuwamban 1925, ƙarƙashin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Masar sun bi ta Sudan, ko birki ba su da shi, kuma a filin wasan dawaki suka sauka, sai girman waɗannan ƙafafu ya ƙara bayyana a gare ni.

Sararin Kano na da nasa halin da littafin da aka rubuta a Oregon ba zai koya maka ba. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, daidai da inda iskar hunturu ke fitowa. Amma iska ba ta yi wa kowa alkawari ba. In ta zo ta gefe, gwani zai kwantar da fiffiken ɓangaren iskar kaɗan don kada a ture shi daga titi, ya taka fedar ɗaya ɓangaren don hanci ya miƙe, hannu na cewa dama ƙafa na cewa hagu, har ya sauka a kan taya ɗaya tak, ta biyu ta biyo baya. Ban san wani abu a tuƙin jirgi da ya kai wannan kyan gani ba.

Sai zafin bazara. Filin Kano na wajen mita 470 sama da teku. A ranar da zafi ya kai 40, iska kan yi sirantar da fiffike da inji za su ji kamar suna tsayin mita 1,500. Maleji zai nuna lambar da aka saba, amma ƙasa na gudu a ƙarƙashinka fiye da yadda ido ya saba, titi na cinyewa da sauri, inji kuma ba shi da cikakken ƙarfinsa in ka neme shi. Ga guguwar rana da kan miƙe tsaye a tsakiyar fili ba sallama. Da damina ta kusa, hadarin gabas na aiko da iskarsa tun kafin ɗigon farko, kuma tana iya juya alkibla cikin minti guda. Da hunturu kuwa hazo ne, wanda kan shafe layin da ya raba sama da ƙasa, alhali da wannan layi matuƙin ƙaramin jirgi ke sanin ko a miƙe yake. Irin wannan rana gwani ba ya fito da jirginsa daga rumfa.

Kanawa sun san abin da sauka cikin mummunan yanayi ke iya jawowa. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda aka karkato da shi Kano saboda yanayin Legas, ya zo sauka ƙafarsa ta karye, ya juya ya kama wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Babban jirgi ne mai inji huɗu, amma ƙafa goman ƙarshen nan iri ɗaya ce gare shi da mai kujera biyu.

Shi ya sa a duk dabarun matuƙi babu wadda nake girmamawa kamar fasa sauka. Gudu ya yi yawa, ko an wuce tabon, ko an yi tsalle na farko, ko dai zuciya ba ta kwanta ba: sai ya tura totur har ƙarshe, ya taka fedar dama don ƙarfin farfela kada ya karkatar da hanci hagu, ya danne sanda kaɗan don hancin kada ya miƙe tsaye, ya janye leɓen fukafukai mataki-mataki, ya koma sama ya sake zagayowa. Minti biyar ne da ɗan mai. Wahalar ba a hannu take ba. Mutum ya kusa taɓa ƙasa, jama'a na kallo a bakin fili, wataƙila iyalinsa na ciki, zuciya na raɗa masa cewa zai iya gyarawa. Wanda ya iya take wannan raɗar cikin sakan guda, ba tare da jin kunyar kowa ba, shi nake kira gwani. Malaman tuƙi kan koya wa ɗalibi ya tunkari kowane titi da niyyar fasawa, sai in komai ya cika sannan ya sauka.

Wannan gwaninta kuma tana tsatsa. Nan ne mai haɗa jirgi a gida ke shiga tarko ba da saninsa ba. Haɗa irin RV kan ci awa kusan 2,000, wato shekaru na dare da ranakun hutu. Kuɗin da zai yi hayar jirgi ya riƙa motsa hannu duk sun tafi sayen sassa. Ranar da aka gama, ga sabon jirgin da ba a taɓa gwadawa ba, mai sanda mai saurin ji fiye da wanda ya koya da shi, ga matuƙin da ya daɗe bai sauka ba, ga kuma ƙaunar abin da ya ƙera, wadda kan sa ya yi ƙoƙarin ceton jirgi a lokacin da ya kamata ya ceci kansa. Don haka dokar Amurka ta ware awa 25 ko 40 na farko don gwaji a keɓaɓɓen yanki ba fasinja, kuma tun 2014 aka yarda ƙwararren matuƙi na biyu ya zauna kusa da mai jirgin a wannan lokaci. Masu hankali kan je su yi awanni da malami a jirgi irin nasu kafin su taɓa nasu. Ga kuma ƙa'idar da kusan duk duniya ke bi: ba ka ɗaukar fasinja sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Wannan mafi ƙaranci ne. Wanda ya ɗauki abin da gaske ba ya bari a kai can.

Ana iya koyon yadda farfela ke aiki a intanet, kamar yadda Mubarak ya yi, amma jin nutsewar jirgi a mazauni da sanin nauyin sanda a yatsu sai an zauna kusa da wanda ya iya. Wurin koyon kuwa bai yi mana nisa ba. Tun 1964 Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ke Zariya, kuma babban abin da ɗalibi ke yi a makonninsa na farko shi ne zagaye: tashi, kwana huɗu, taɓa ƙasa, sake tashi, sau shida ko takwas a awa guda, malami na gefensa hannunsa dab da sanda bai taɓa ba. In abu ya ɓaci malam ya ce ya karɓa, ɗalibi ya saki nan take ya amsa cewa ya bar masa, don kada a samu lokacin da kowa ke zaton ɗan'uwansa ne ke tuƙi. Bayan awa goma sha wani abu, wata safiya mai sanyin iska, malam zai ce a tsaya a gefen titi, ya kwance bel ya fita. Jirgin da ya rabu da nauyin mutum guda zai tashi da wuri, ya kuma daɗe yana lilo a wurin sauka fiye da yadda ɗalibin ya saba, kuma an riga an gargaɗe shi da haka.

Lasisin farko na buƙatar aƙalla awa 40, kuma kafin a kai can akwai darasin da ya fi shafar mai jirgin haɗin gida, tunda injinsa ne ya fi yiwuwar yin shiru. Ana cikin tafiya a kan gonaki malam zai janye totur ba sanarwa, ya ce inji ya mutu, ina za ka? Ɗalibi zai kafa gudun da jirgi ya fi nisan lilo da shi, ya duba hayaƙi ko ƙura don sanin inda iska ta dosa, ya zaɓi fili tun yana da tsawo. Kore shar na fadama abin gudu ne, domin laka na ƙarƙashinsa. Titin mota na da wayoyin lantarki da ba a gani sai an zo kansu. In gona ce, sai ya lura da kunyoyi ya bi tsawonsu, domin wanda ya ratsa su a gicciye tayar gabansa ba za ta wuce ta uku ba. In ya ga ya yi sama da yawa, ya karkata jirgin ya zame ta gefe don ya zubar da tsawo ba tare da ƙara gudu ba. A wannan saukar babu damar fasawa, don haka ake maimaita ta har sai ɗalibi ya iya kawo jirgi kan filin da ya nuna tun farko, sannan malam ya mayar da totur su koma sama.